Waƙoƙin bakin iyayenmu: littafin aikin matasa, Oktoba zuwa Disamba

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau bayan sujada dattawan ikkilisiya suka kira ni ɗakin shawara suka ce sun amince. Wata uku ke nan mu matasa muna bin wannan magana. Abin da muka roƙa shi ne a bar mu mu bi tsofaffinmu gida-gida, mu ɗauki waƙoƙin da ke bakinsu a waya, mu rubuta, mu koya, mu rera ranar Kirsimeti. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a nan, domin 'yan'uwanmu na Yawunde da Duwala da Yola da suka sa hannu su san inda kuɗinsu ya shiga.

Ga wanda bai san mu ba, majami'armu a Garwa take, a arewacin Kamaru, kuma sujada uku muke yi kowace Lahadi: Hausa da ƙarfe 7, Faransanci da ƙarfe 9, sai Fillanci. Ta Hausa ce uwa, da ita aka soma, amma yanzu in an ƙirga mutum 60 an gode Allah. Waƙoƙin cikin littafi ba su ne damuwata ba, tun da an buga su, ana samu a Yola ko Jos. Waɗanda nake tsoron ɓacewarsu su ne na Zumuntar Mata na dā, waɗanda iyayenmu mata suka tsara da kansu a bakin murhu da gidan makoki da hanyar zuwa baftisma a kogi. Ba wanda ya taɓa sa musu alƙalami.

Kuɗin da ke hannu: jaka 15 daga asusun matasa, jaka 10 daga dattawa, jaka 30 da 'yan'uwa na nesa suka turo ta Orange Money. Duka sefa 55,000. Mu bakwai ne a aikin, mata huɗu, maza uku.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na rufe shagon ɗinkina da wuri na shiga babbar kasuwa. Katin waya mai giga 32, sefa 4,000. Ƙaramin makirfo mai maƙalewa a wuyan riga, 6,500. Littattafan rubutu biyar da biro, 3,000. Saura 41,500.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun fara da Kaka ta Rumde Ajiya, wadda kowa ya yarda ita ce rumbun waƙa. Mun kai mata sukari da sabulu, don ba a zuwa wurin tsohuwa hannu rabbana. Na maƙala mata makirfo a bakin mayafi na ce, "Kaka, bismillah, ki fara da wadda kika fi so." Ta dube ni ta ce, "Jikana, ni kaɗai? Wa zai amsa mini?"

A nan na gane kuskurenmu na farko. Mun zo da tunanin ta rera mu ɗauka mu tafi. Ashe waɗannan waƙoƙi ba na mutum ɗaya ba ne, mai bayarwa ce da masu amshi, kuma in babu amshi bakin mai bayarwa ba ya buɗewa. Sai da ta aika aka kira maƙwabciyarta, ita ma 'yar Zumunta, sannan ta sa 'yan matanmu huɗu suka zauna a tabarma ta koya musu amshin, tana buga cinya da tafin hannu. Daga nan waƙa ta zubo. Shida muka ɗauka kafin hadari ya taso. Ruwan ƙarshen damina ya sauka a kan kwano har ba ka jin na kusa da kai, dole muka kashe waya.

Zaman jiran ruwan ya fi mini waƙoƙin ma amfani. Ta ba mu labarin yadda mahaifinta ya zo Garwa daga wajen Numan a jirgin ruwa, zamanin da jirage ke hawo Binuwai da damina su sauke gishiri da kananzir su ɗauki gyaɗa da auduga. Ta ce ma'aikatan jirgin ƙabilu ne daban-daban, Bacama da wasunsu, kowa da harshensa, Hausa ce kaɗai ta haɗa su, shi ya sa da ita suke addu'a a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da tashar jirgi. Tun ina yaro nake tambayar kaina me ya sa muke sujada da Hausa a garin da Fillanci ke mulkin kasuwa. Yau na samu amsa daga bakin wadda ta gani.

Talata, 15 ga Oktoba

Gida biyu a Yelwa, waƙa huɗu. Man babur 2,000. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya bara, man kwalba na bakin hanya ya daina araha, sai mun riƙa haɗa gidajen da ke kusa a fita ɗaya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Baba ma'aji ya ba mu mabuɗin tsohon akwatin katako da ke bayan bagade, wanda ni dai ban taɓa ganin an buɗe ba. Da muka ɗaga murfin sai ƙasa ta zubo. Gara ta shiga ta ƙasa ta yi gini a ciki. Littafin baftisma na farko ta cinye kusan rabinsa daga gefen ɗinki, ya zama sunaye suna nan amma shekarun da ke gefe sun tafi. Na zauna a ƙasa ina juya shafi a hankali da bakin wuƙa, ina ganin sunan kakana da hannun wani malamin da ban sani ba, rabin sunan babu. Ban iya magana ba na ɗan lokaci. Akwatin nan shekara da shekaru muna wucewa ta gabansa da kwanon baiko.

Abin da ya tsira: littafin baftisma na biyu, hotuna tara, da wani Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassarar 1932 da aka naɗe a leda. Ledar ce ta cece shi. Mun ɗauki hoton kowane shafi da ya rage, mun share, mun shanya a inuwa. Mama shugabar Zumunta ta ce mata za su sayi akwatin ƙarfe daga aljihunsu, kada mu taɓa kuɗin aiki.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Daren rubutu na farko, kuma an sha dariya da gumi. Yaranmu duk makarantar Faransanci suka yi. Hausar tana bakinsu, amma in za su rubuta sai su bi ƙa'idar makaranta: "ciki" ya zama "tchiki", "kuka" ya zama "kouka", ƙ da ɗ da ɓ kuwa babu su sam. Wata ta rubuta baitin da ke cewa Ubangiji ya ɗauke mana kaya, da na karanta sai na ga "dauke", na tambaye ta yaya za ta bambanta "ɗaki" da "daki" in ta manta waƙar. Na buɗe musu tsohon Littafin nan na 1932 don su ga yadda aka rubuta a dā, sai ga "chikin" da "ya che", su kuwa suka karanta "shikin" da "ya she" irin na Faransanci. Muka ajiye shi muka ɗauko sabuwar fassara.

Mun yanke shawara: kowace Alhamis rabin awa na farko na koyon haruffa ne, sannan rubutun waƙa. Wannan bai cikin tsarinmu, zai ci lokaci, amma ban ga amfanin littafin da masu shi ba za su iya karantawa ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Wurin Baba mai ƙararrawa. Shi ne ya fi shekara 40 yana buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiyar dalbejiya don kiran sujada. Maza ba su cika riƙe waƙoƙin Zumunta ba, amma shi ya riƙe na marigayiya matarsa. Ya ba mu uku. Ta ƙarshe doguwa ce, baiti biyar, a kan almajiran da hadari ya tarar a jirgi, an saka ta da kalmomin masu tuƙin Binuwai. Ba mu ji ta a bakin kowa ba sai shi. Har da na sauran gidajen da muka bi, waƙoƙi 17 ke nan a kati.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Kati ya mutu. Da safe na kunna waya don mu ci gaba da rubutu, ta ce babu komai a ciki. Na cire na mayar, na sa a wata waya, haka. Na kai wa mai gyara a kasuwa, ya sa a kwamfuta ya fi awa biyu, ya karɓi 2,000, ya ce katin jabu ne: an rubuta 32 a jiki, ainihin cikinsa bai kai haka ba, da ya cika sai ya riƙa taka na farko yana rubutu a kai. Abin da ya iya cirowa guntaye ne, murya ta fara ta yanke.

Laifin nawa ne, kuma na faɗa wa matasa haka da yamma. Tun ranar farko wani ƙanenmu ya ce mu riƙa tura kowace waƙa a zaurenmu na WhatsApp, na ce a bari sai mun tace, don kada muryar tsofaffi ta yi ta yawo ba izini. Niyyar ba ta da laifi, amma ai da na kwafa a wuri na biyu. Cikin 17, tara mun riga mun rubuta kalmominsu, takwas babu komai. Hotunan littafin baftisma suna cikin wayar kanta, su sun tsira.

Sabon kati daga wani shago, an gwada shi a gabana, 5,500. Doka daga yau: duk abin da aka ɗauka, kafin a kwanta ya kasance a waya uku. Za mu sake zagayen gidajen. Bayan an cire kuɗin sukari da sabulun gaisuwa, saura 29,000.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mun koma wurin Kaka. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni: "Ɗana, waƙa ta ƙare ne? Zauna." Ta maimaita shidan ta ƙara biyu. Baba mai ƙararrawa yana kwance ba lafiya, an ce mu bari ya ji sauƙi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Baba mai ƙararrawa ya rasu jiya da dare. An yi jana'iza yau da la'asar. Allah ya ta'azantar da iyalinsa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kwana biyar ban taɓa littafin nan ba. Waƙar jirgi ita ke hana ni barci, don na san a hannuna ta salwanta. Na tambayi 'ya'yansa, sun san ana yin ta a gida amma ba su riƙe ba. Na tambayi Kaka, ta ce amshin kawai take tunawa.

Yau a wurin koyo, ƙaramar cikinmu, yarinya 'yar shekara 14 da ke riƙe mana makirfo, tana share benci tana wani ɗan guɗa-guɗa a hanci. Na ce, "Ƙanwata, sake yi in ji." Waƙar ce. Ranar da muka je, Baba ya sa ta amsa masa sau uku don muryarta ta yi masa daɗi, ta tafi gida da ita a ka. Baiti biyu ta kawo cikakku, na uku rabi. Muka haɗa da guntun da mai gyara ya ciro, inda muryar Baba ta fito na daƙiƙa 20, na ukun ya cika. Na huɗu da na biyar sun tafi tare da shi. Wani ya ce mu tsara biyu mu cike, tun da mun san labarin daga Markus sura 4. Na ƙi, sauran ma suka ƙi. Za mu rera uku mu tsaya, a littafi kuma mu bar fili mu rubuta cewa akwai biyu da ba a samu ba.

Na canza tsarin aiki saboda wannan. Ba za mu ƙara barin gidan tsoho ba sai aƙalla mutum biyu cikinmu sun iya rera abin da ya ba mu a gabansa, ya ce daidai ne. Zai rage yawan gidajen da za mu kai kafin Kirsimeti, na yarda.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Rigima a ƙungiyar mawaƙa. Samarin da ke kaɗa piyano da jita suna so a ɗora waƙoƙin a kan kiɗan zamani, wai in ba haka ba 'yan sujadar Faransanci za su yi hamma. Iyaye mata suka ce waƙar tulu ce, wato tulun da ake bugawa a matsayin kiɗa, da tulu da kacau-kacau aka haife ta. Murya ta ɗan tashi. Na saurari gwajin da samarin suka yi, kuma gaskiya ba su da mugun nufi, sun iya hannunsu. Sai dai piyanon yana jan waƙar zuwa inda ba ta saba sauka ba, mai bayarwa kuma tana rasa wurin numfashi, don tsofaffin nan suna ja suna saki yadda maganar ta nema, injin kuwa ba ya jira. Ni ina bayan tulu. Fasto ya raba gardama: ranar Kirsimeti a yi su yadda aka gada, bayan haka samari su zaɓi biyu su gwada nasu salon, da sharaɗin su fara kai wa masu waƙar su ji.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Fasto ya zauna da mu awa ɗaya kan tarihi, don gabatarwar da za mu sa a farkon littafi. Ya ce bishara ta shigo wannan yanki ta hanyoyi da yawa. A Numan, likita Niels Brønnum ɗan Denmak ya fara aiki a 1913, daga can ne iyayen su Kaka suka fito. A Ngaundare akwai Amurkawa da suka iso a 1923 da mutanen Nowe a 1925, aikinsu ne ya zama babbar ikkilisiyar Lutheran ta can, inda gidan shirye-shiryen rediyo na Sawtu Linjiila yake. Ta wajen Lere a Cadi da Yagwa kuwa Berge Revne ne da abokan aikinsa tun wajajen 1920. Abin da ya ja hankalinmu a kai shi ne sunayen Turawa suna rubuce ko'ina, amma ma'aikatan jirgi da masu dako da matan da suka riƙe addu'a a ƙarƙashin tsamiya ba su a littafin kowa. Ya ce mu sa sunan kowace mai waƙa a ƙarƙashin waƙarta, in ita ko iyalinta sun yarda. Ya karanta mana Zabura 78 kafin mu tashi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Bayan sujadar safe mu biyu muka hau babur zuwa kasuwar Pitowa, tun da ranar Lahadi take ci. Tulu biyu, 2,500 kowanne. Mai tukwanen ta sa muka riƙa buga bakin kowane da tafin hannu muna saurare, ta ce wanda ya yi amo mai zurfi shi ne ya gasu sosai. A hanyar dawowa muka faɗa rami, ɗaya ya tsage daga wuya. Da ciyawa muka naɗe su, ya kamata mu sa tsumma a tsakani. Mai da ɗan abinci 2,000. Za mu yi da ɗaya, Zumunta ta ara mana nata tsohon.

Laraba, 27 ga Nuwamba

An sake wa ganga fata, 6,000 har da ladan aiki. Saura 16,000. Waƙoƙi 21 a waya uku, 19 a rubuce.

Lahadi, 1 ga Disamba

Godiyar kaka. Gaban bagade ya cika da masara da dawa da gyaɗa da kaji, har da buhun auduga daga wani ɗan'uwa mai gona. Mun gwada waƙa biyu a sujadar Hausa. Ta farko ta tafi lafiya. A ta biyu mai bayarwa ta tsallake baiti, masu amshi suka rikice, muka yi tsit. Sai Kaka daga bencinta ta ɗauka daga inda aka tsaya, mata suka amsa mata, mu muka bi baya har ƙarshe. Da aka tashi ta kira yarinyar ta riƙe hannunta ta ce, "Kin yi sauri ne, 'yata. Ki bar tulu ya riga ki."

Asabar, 7 ga Disamba

Koyo. Hunturu ya shigo, mutum uku na mura. Ɗinkin Kirsimeti ya taso mini a shago, sai bayan ƙarfe 8 nake samun zuwa.

Juma'a, 13 ga Disamba

An buga littafi: shafi 12, kwafi 40, a kan sefa 25 kowane shafi, 12,000. Da na duba a gida sai na ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke, ɗan akwati ne ya fito a shafi biyu, don kwamfutar mai bugawa ba ta san haruffan ba. Sauran shafukan mun kai su a hoto shi ya sa suka tsira, waɗannan biyun ne aka gyara a wurinsa. Sake su ya ci 2,000, ga kwana biyu da aka ɗauke wuta a unguwar. Mun ɗinke littattafan da kaina a keken shago, da farin zare.

Lahadi, 22 ga Disamba

Gwaji na ƙarshe da kowa. Mun kai wa iyalin Baba kwafinsu. Man babur 1,500.

Alhamis, 26 ga Disamba

Jiya aka haɗa sujada uku wuri ɗaya, har waje an jera benci. Mun rera bakwai, tulu biyu da ganga da kacau-kacau, ba piyano. Kafin kowace waƙa wani yaro ya faɗi ma'anarta da Faransanci da Fillanci a taƙaice. Waƙar jirgi muka ajiye ƙarshe, ƙanwarmu ta bayar. Da baiti na uku ya ƙare muka tsaya kamar yadda muka shirya, jikan Baba ya fita ya buga ƙarfen dalbejiya sau biyu, ɗaya don kowane baitin da babu. Babbar 'yarsa ta rufe fuska da mayafi. Bayan an tashi wata tsohuwa daga sujadar Fillanci, wadda ba ta cikin jerinmu sam, ta tare ni a ƙofa ta ce tana da waƙoƙin baftisma na mutanen Kaele da Mundang, yaushe za mu zo.

Lissafi: an kashe 54,500, saura 500. Littattafai 40 sun ƙare, mutane suka ba da gudummawar 18,000 ba tare da mun roƙa ba. Na miƙa wa Baba ma'aji duka da rasit.

Abin da ke gaba daga Janairu: gidaje shida da ba mu kai ba, biyu daga ciki a ƙetaren gada. Waƙa biyu da ke waya ba a rubuta ba. Kwafe sunayen littafin baftisma na farko a sabon littafi, tare da zama da dattawa a gwada maido da shekarun da gara ta ci. Darasin haruffa na Alhamis zai ci gaba, malaman makarantar Lahadi sun ce a sa su. Tsohuwar Kaele mun sa mata Asabar 4 ga Janairu, kuma sai mun nemi matasa biyu masu jin Mundang da za su zauna su amsa mata.